Babi na Biyar: Faifan Zarto, Gane Shi da Gyaransa

Da an kai dawa rumbu a ƙasar Zuru sai kasuwar kafinta ta buɗe. Manomin da ya sayar da amfani yana so ya sauke jinka ya ɗora kwano. Mai aurar da 'ya na neman gado da kabad da kujeru. Makarantu na jiran benci, masallatai da majami'u na neman ƙyamare da tagogi. Daga cikin gari har Dabai, Senchi, Ribah, Mahuta da Dirin Daji, duk waɗannan buƙatu wuri ɗaya suke bi kafin su zama kaya: teburin injin tsaga katako, inda falanki mai faɗin inci 12 ke shiga ya fito tu-bai-fo ko tu-bai-tu.

Shi teburin galibi ƙirar gida ne. Mai walda ya haɗa ƙafafunsa, aka ɗaura masa moto mai aiki da lantarki ko injin dizal, aka saƙala bel, aka sa shaf da boris. Duk wannan ana iya haɗawa ko a gyara a Zuru. Abu ɗaya ne ba a ƙerawa a garin, shi ne faifan da ke yin yankan. Daga Sin ko Jamus ko Italiya ko Japan yake tasowa, ya sauka Legas, ya biyo ta hannun 'yan kasuwar Onitsha ko na Kano kafin ya iso. Tun tsakiyar 2023, da aka janye tallafin mai aka kuma saki naira, kuɗin duk wani kayan aiki na waje ya yi tashin gwauron zabi. Faifan da a da ake cillawa bayan rumfa idan ya dakushe, yau jari ne.

Da yawa daga faya-fayan da ake cewa sun mutu, da sauran aiki a jikinsu. Wasu kuma da ake ta lallaɓawa, bai kamata a sake ɗaura su a inji ba ko sau ɗaya. Wanda ya iya raba waɗannan biyun ya tsare wa rumfa kuɗinta, ya tsare katako, ya kuma tsare yatsun yaran da ke tura falanki.

Inda ya samo asali

Zarto mai juyawa baƙo ne idan aka gwada shi da gatari da gizago. Kafin zuwansa, mutum biyu ne ke tsaga gungume da dogon zarto, ɗaya a sama, ɗaya a cikin rami dusa na zubo masa a ka. A 1777 wani Samuel Miller na garin Southampton a Ingila ya yi rajistar injin yanka katako mai aiki da iska, kuma a takardar an ambaci zarto mai siffar faifai. A wannan garin dai Walter Taylor, mai yi wa jiragen yaƙin Ingila kayan katako, ya yi aiki da irinsa kafin ƙarnin ya ƙare. A ƙarni na 19 ƙirar zarto ta zama babbar sana'a a Sheffield da kuma Philadelphia ta Amurka, inda Henry Disston ya kafa masana'antarsa a 1840. Na riƙewa a hannu mai aiki da lantarki, wanda kafintoci ke hawa kan rufi da shi, ya fito a 1924 daga kamfanin da aka sani da Skilsaw.

Sauyin da ya fi shafar mai gyara kuwa a Jamus ya faru. A 1923 Karl Schröter, ma'aikacin kamfanin ƙwan fitila na Osram, ya haɗa garin kabayid na tungsten da kobalt, ya gasa su suka dunƙule suka zama abu mai taurin da ya kusa na lu'ulu'u. Ba shi ne kabayid ɗin da masu walda ke jiƙawa da ruwa ba. Bayan 'yan shekaru kamfanin Krupp ya shiga sayar da shi da sunan Widia, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yawaita liƙa ƙananan ƙwayoyinsa a bakin haƙoran zarton katako. Tun daga nan faifan zarto ya rabu gida biyu, kowane da irin gyaransa.

Rubutun da ke jikinsa

Faifan kirki da bayaninsa yake zuwa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 847-1 ta wajabta wa mai ƙerawa ya rubuta sunansa, da awon faifan, da iyakar gudun da zai iya ɗauka. Mai saye zai ga jerin lambobi irin wannan: 300 x 3.2 / 2.2 x 30, Z 72, n max 6,000, HW.

Lambar farko faɗin faifan ne, milimita 300, wato kusan inci 12. Ta biyu faɗin hanyar da haƙora ke buɗewa a cikin katako, ta uku kaurin jikin faifan. Kullum hanya ta fi jiki faɗi, domin in ba haka ba katako zai matse faifan ya ƙone shi. Lamba ta huɗu ita ce hudar tsakiya. Z 72 na nufin haƙora 72 ne. Wasu kamfanonin T suke sawa a madadin Z. HW alama ce ta haƙoran kabayid, HS kuma ta ƙarfe mai jure zafi. Akwai kibiya da ke nuna inda zai juya.

Lambar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce n max, iyakar juyi a minti ɗaya, alhali ita ce ta fi kusa da rai. Faifai mai milimita 300 da ke juyi 4,000 a minti, bakinsa na gudun mita 63 a daƙiƙa, fiye da kilomita 220 a awa. Idan haƙoransa 24 ne, sara 1,600 ke sauka a kan katako kowace daƙiƙa. Teburin da aka haɗa a gida ba ya zuwa da takarda, don haka mai shi ne zai yi lissafinsa. Moton lantarki a wutar Najeriya yakan yi juyi kusan 1,450 ko kusan 2,900 a minti. Idan moto mai 1,450 na da fuli mai santimita 20, fulin shaf kuma santimita 10, faifai zai yi 2,900. Faifai mai milimita 600 a wannan gudu bakinsa ya haura mita 90 a daƙiƙa, ya wuce abin da ake so ga katako mai tauri. Sau da yawa mutum yakan canza fuli don aiki ya yi sauri, daga baya ya riƙa zargin faifai da rawa.

Huda ma tana da rigimarta. Injinan Turai sun fi amfani da milimita 30, na Asiya da yawa 25.4 ko 20, na Amurka 15.88. Idan huda ta fi shaf girma, akwai zoben ƙarfe da ake sawa ya cike gurbin daidai. Idan ta yi kaɗan, wurin masu injin sassaƙa ƙarfe ake kai ta. Wanda ya faɗaɗa ta da magagari zai kauce wa tsakiya ko da rabin milimita ne, daga nan haƙoran gefe ɗaya ne kawai za su riƙa aiki, su dakushe, sauran na hutawa.

Idan rubutu ya goge

Bayan watanni ana aiki, ƙaro da zafi sukan share rubutun. Na hannu da ake sayarwa a kasuwa ma da wuya a same shi da komai a rubuce. Sai ido da yatsa.

Da farko a dubi bakin haƙori. Idan jiki da haƙori ƙarfe ɗaya ne, an lanƙwasa wannan haƙori dama wancan hagu, to faifan ƙarfe ne zalla, magagari na kama shi. Idan a bakin kowane haƙori akwai ƙwaya mai launin toka da ta fi jiki faɗi, da siririn layi mai ruwan azurfa ko tagulla a bayanta, kabayid ne. Magagari zamewa zai yi a kansa, ya lalace a banza.

Sai a ƙirga haƙora, domin yawansu ke faɗin aikin da aka yi faifan dominsa. Tsaga falanki a tsawonsa na fitar da dusa mai yawa, doguwa, don haka yana son haƙora kaɗan masu zurfin gurbi a tsakani, inda dusar za ta zauna kafin a watso ta waje. A faifai mai milimita 250, haƙora 24 na tsagawa ne, 60 zuwa 80 na gicciye da filawud ne, 40 zuwa 50 kuma na raba-daidai, ba su ƙware a ko ɗaya ba. Wanda ya ɗaura mai haƙora 80 ya tura masa ɗanyen falanki mai kaurin inci 2, gurbi zai cika, dusa ta toshe, hayaƙi ya tashi. Faifan ba shi da laifi, an ba shi aikin da ba nasa ba ne.

Siffar kan haƙori ita ce ta uku. Ana ganinta idan aka ɗaga faifan daidai ido aka dube shi ta baki. Wanda kansa yake a miƙe sumul na tsagawa ne. Wanda aka karkata, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da tsini a gefe guda, yana yanke zaren katako kafin ya ɗebe shi, shi ya sa gicciyensa ke fita fes. Akwai kuma wanda aka rage wa kusurwa biyu, yana biye da wani miƙaƙƙe da ya ɗan fi shi gajarta. Wannan na MDF ne da allunan da aka lulluɓe da roba, irin da ake yin kabad na zamani da su, da kuma alminiyom.

Na huɗu shi ne zubin haƙori. A ɗora rula daga tsakiyar huda zuwa tsinin haƙori. Idan fuskar haƙorin ta sunkuya gaba sosai, wajen digiri 20, mai cin katako ne da sauri, na tebur. Idan ta tsaya cak ko ta ɗan koma baya, na injin da ake saukowa da shi daga sama ne, an yi shi haka don kada ya fizgi katako.

Jabu ma ana gane shi, ko da an buga masa sunan Bosch ko Makita ko Freud. Ƙwayoyinsa ƙanana ne siririya, ba su da naman da za a wasa fiye da sau ɗaya ko biyu. Liƙinsu bai daidaita ba, wani ya yi tumbi wani ya bar rami. Gefen jikin a danne yake, alamar da inji aka buge shi daga faranti, ba a yanka shi da hasken leza ba. Araha dai ba ta ado.

Abin da ke cin haƙora a ƙasar Zuru

Kudancin Kebbi ya fi arewacinta samun ruwa, itatuwansa kuma masu tauri ne. Madaci zarensa a harɗe yake, yana da ƙaro. Kawo da maɗobiya nauyi gare su da tauri. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita maƙera kuma ke son gawayinta, tana dakushe haƙorin ƙarfe cikin ɗan lokaci. Maje na fitar da danƙo mai manne wa faifai. Malaina laushi gare ta, amma ta daɗe tana riƙe ruwa, ɗanyarta kuma na matse faifai a tsakiyar yanka. Katakon kudu da manyan motoci ke hawowa da shi ta Kontagora da Rijau shi ma da halinsa: iroko kan ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai taurin dutse a cikinsa, wanda ke iya ɓantare ƙwayar kabayid nan take.

Amma ba itacen ne kaɗai ba. Falankin da aka tsaga a daji da injin sarƙa, aka ja shi a ƙasa, yashi na maƙale a jikinsa. Ƙurar hunturu na kwantawa a kan katakon da aka jibge a fili. Falankin da aka ciro daga aikin zuba kankare na zuwa da siminti da guntayen ƙusa. Minti biyu da buroshin waya kafin a tura falanki na ƙara wa haƙora kwana fiye da kowace dabara ta mai wasa.

Wuta ma da nata rabon. Idan lantarki ya zo da rauni, ko janareta ya yi wa moto kaɗan, ko bel ya saki, gudu na raguwa a tsakiyar yanka. Mai turawa ya ƙara ƙarfi, faifai ya ɗau zafi.

Wanki, wasa da sauya haƙori

Gyara na farko ba ya buƙatar ko sisi. Ƙaro da danƙo kan taru a bayan haƙora su daskare, su cike ratar da ke tsakanin jiki da katako, sai faifai mai kaifi ya riƙa ƙona itace. A kwantar da shi a faranti, a jiƙa shi da kananzir ko ruwan ɗumi da garin sabulu na ɗan lokaci, a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a shafa ɗan mai don tsatsa. Faya-fayai da dama a nan ciwonsu ke ƙarewa.

Idan an wanke, sai a kai shi hasken rana. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Idan aka ga siririn farin layi na walƙiya a tsinin haƙori, ya dakushe.

Faifan ƙarfe zalla mataki huɗu gyaransa ke bi. Ana fara daidaita tsawon haƙora: a kashe inji, a kafa guntun dutsen wasa kusa da baki, a juya faifan da hannu har kowane haƙori ya sami ɗan tabo mai sheƙi a kai. Sai a gyara gurbi da magagari mai zagaye, a bar gindinsa a kewaye. Wannan ba ado ba ne, domin duk inda magagari ya bar kusurwa mai tsini a gindin gurbi, daga nan tsaga ke farawa. Sai lanƙwasa: kashi ɗaya cikin uku na saman haƙori kawai ake karkatawa, kimanin rabin milimita kowane gefe, a ƙara kaɗan idan ɗanyen katako za a tsaga. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya, faifan zai riƙa janyewa daga layi. A ƙarshe a wasa kowane haƙori da adadin shafa ɗaya har tabon nan ya ɓace. Alli a kan haƙorin farko na hana a zagayo a maimaita.

Kabayid kuwa dutsen lu'ulu'u yake so. Dutsen wasa na yau da kullum ba ya cinsa, koren dutse kuma yana ci amma yakan bar baki a gantsare. Fuska da kai ake wasawa, a bar gefuna, domin su ne faɗin hanya. Abin da ake cirewa bai kai kaurin farce ba. Faifan kirki da ake kai wa wasa da wuri na iya ɗaukar wasa goma ko fiye, wanda aka bari ya yi dukun-dukun kuwa dole a ci naman haƙorin da yawa kafin a kai ga kaifi. Ƙa'idar Turai ta ce idan ƙwaya ta ragu ƙasa da milimita 1, faifan ya gama aiki. Akwai kuma abin kula ga mai wasan kansa: ƙurar kabayid na ɗauke da kobalt, kuma shaƙarta shekara da shekaru na jawo cutar huhu da likitoci suka daɗe da sani. Wasa da ruwa ko rufe hanci da takunkumi na kirki ba ƙawa ba ne.

Idan ƙwaya ɗaya ko biyu sun ɓalle, ana sauya su. A ɗumama wurin da ƙaramin harshen wuta, a cire guntun da ya rage, a share mazaunin tsaf, a liƙa sabuwa da sandar azurfa, wadda ke narkewa tsakanin digiri 600 da 700. Sandar tagulla da aka fi samu a wurin masu walda sai ta kai wajen digiri 900, zafin da ke kashe taurin ƙarfen da ke riƙe da haƙorin. Bayan liƙi a bar shi ya huce da kansa, kada a tsoma a ruwa. Sabuwar ƙwaya kan fi 'yan'uwanta tsawo da faɗi, don haka sai an wasa ta ta zo daidai, in ba haka ba ita kaɗai za ta riƙa karɓar duka har ta sake tashi.

Aikin guduma

Gyaran da ya fi wuya ba a haƙora yake ba. A manyan masana'antun katako, akan keɓe ɗaki guda da ma'aikaci na musamman, likitan zarto, wanda babban makaminsa maƙera ce da guduma da miƙaƙƙen ƙarfen awo.

Dalilin aikinsa lissafi ne mai sauƙi. Ƙarfe na miƙewa kimanin milimita 0.012 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Faifai mai milimita 600, kewayen bakinsa ya kusa mita 1.9. Idan bakin ya fi tsakiya zafi da digiri 50, ya ƙara tsawon fiye da milimita ɗaya, tsakiya kuwa tana nan yadda take. Ƙarin ba shi da wurin zuwa, sai bakin ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar bakin tsohuwar malafa, yanka ya riƙa tafiya a karkace. Don haka tun a masana'anta ake ɗan miƙar da ƙarfen da ke tsakanin huda da baki, yadda idan faifan ya ɗau gudu da zafi komai zai zo daidai. Zoben da ake gani a jikin wasu faya-fayai sawun wannan aikin ne. Tsagogin da aka yanka da gangan daga baki zuwa ciki, masu ƙarewa da ɗan rami, su ma wurin numfashi ne na zafi, ba lalacewa ba ce.

Babban faifan da ya sha zafi yakan rasa wannan ɗauri. Shuɗin tabo a jikinsa shaida ce cewa wurin ya kai wajen digiri 300, kuma galibi akwai kumburi a nan. Mai gyara na tsayar da faifan, ya bi shi da gajeren ƙarfen awo yana duban haske. Inda awon ya yi lilo, kumburi ne, ya zagaye shi da alli, ya kwantar a maƙera da ɗan fata a ƙasa, ya yi masa bugu marar nauyi. Idan ya gama da kumburi, sai ya ɗaga gefe ɗaya ya gitta dogon awo a tsakiya. Faifan da ɗaurinsa ke nan, tsakiyarsa kan ɗan sauka ta bar siririn haske iri ɗaya ta kowace fuska. Idan babu hasken, sai ya zana da'irori da alli ya bi su da guduma, bugu daidai da bugu, gaba da baya, ba ya taɓa kusa da huda, ba ya taɓa gindin haƙora. Aiki ne na haƙuri da ake koya a gaban maigida shekara da shekaru. Ƙasar da ke da maƙeran garma da fartanya tun kaka da kakanni ba ta rasa hannun da zai iya shi. Abin da ake buƙata shi ne mai koyarwa, kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Zuru da Kwalejin Injinan Gandun Daji ta Afaka a Kaduna wurare ne da suka dace da wannan darasi.

Kafin a ɗaga guduma dai, akwai gwajin da ya kamata kowane mai tebur ya sani. A kashe inji, a kafa alli dab da jikin faifai, a juya da hannu a ga inda ya taɓa. Sai a kwance noti, a juya faifan rabin zagaye a kan shaf, a ɗaure, a sake gwadawa. Idan tabon ya bi faifan, shi ne ya lanƙwashe. Idan ya tsaya a gefen shaf ɗin da yake, laifin na shaf ne ko boris ko farantan da ke matse faifan. Ƙwayar dusa ɗaya a ƙarƙashin faranti ta isa ta sa baki rawa. Farantan kuma ana so faɗinsu ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faifan, ba 'yar wosha ba.

Wanda ba ya gyaruwa

Tsaga a jiki ita ce iyaka. Ana nemanta a gindin gurbi da kewayen huda. Idan aka shafa kananzir aka goge, aka barbaɗa garin alli, tsagar kan fito da siririn layi mai danshi. Wasu kan rataye faifan a ƙusa su ƙwanƙwasa: lafiyayye na amsawa da doguwar ƙara, tsagagge kuma a daƙile, sai dai faya-fayan zamani da aka cika wa tsagogi da roba don rage ƙara dama ba sa amo. A da akan huda ɗan rami a ƙarshen tsaga don a tsayar da ita, wasu kuma na kai wa mai walda. Ƙa'idar EN 847-1 ta yanke magana: faifan da jikinsa ya tsage a jefar, ba a yarda da gyaransa ba. Walda na canza taurin ƙarfen da ke kewaye da ita, kuma guntun da ya ɓalle a gudun kilomita 200 a awa mai turawa zai fara samu.

Haka nan ɗaura faifan katako a injin gurzar ƙarfe na hannu haɗari ne. Ƙaramin injin na juyi wajen 11,000 a minti, ninki biyu na zarton hannu, ba shi da mazaunin da zai dafa katako. Da haƙori ya kama, injin kan mai riƙe da shi yake komawa. A tebur kuma, ƙarfen da ake kafawa a bayan faifai don hana katako haɗewa shi ne ke hana falanki dawowa da ƙarfi. Kaurinsa ya fi jikin faifai, bai kai faɗin hanya ba, tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. Duk mai walda zai iya yanka shi daga guntun faranti, haka ma sandar tura katako aikin minti biyar ce ga kafinta.

Lissafin milimita

Faifan da aka gyara daidai na buɗe hanyar milimita 3. Wanda ke rawa ko aka yi wa lanƙwasa fiye da kima na iya cin 5. A yanka goma an yi asarar santimita 2, a yanka 25 an zubar da faɗin tu-bai-tu guda a cikin dusa, ban da abin da za a sake fere wa don gyara karkataccen yanka. Itacen kuwa raguwa yake. An sa maɗobiya a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun farkon 2017, bayan sarar da aka yi mata don kasuwar Sin, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo. Rashin tsaro a dazuzzukan Danko-Wasagu da Sakaba ya sa fito da gungume ya ƙara wuya da tsada. Su ma haƙoran ba su da tabbas: kusan kashi 80 cikin 100 na tungsten ɗin duniya daga Sin yake fitowa, kuma a Fabrairun 2025 ta ƙaƙaba sharuɗɗa kan fitar da shi.

Faifan da ya gama aiki ma ba shara ba ne. Jikinsa ƙarfe ne mai riƙe kaifi, maƙera na yanka wuƙaƙe da ƙananan kayan sassaƙa daga cikinsa, kafintoci na yin abin kankare katako. Ƙwayoyin kabayid da suka rage ana iya ciro su a adana don cike gurbin waɗanda suka ɓalle a wani faifan mai awo ɗaya. Sai dai kafin tsagaggen faifai ya bar rumfa zuwa hannun 'yan gwangwan, a sa injin gurza a raba shi biyu daga baki har huda. Idan ya fita a cike, wani zai wanke shi ya goge, ya shimfiɗa shi a kasuwa cikin kayan hannu, wani mai tebur a Bena ko Wasagu ya saya ya ɗaura.